Wa Ya Riƙe Kyamarar? Darasi a Kan Tsofaffin Hotuna da Guntayen Jaridu

A zangon karatun da ya wuce aka ba mu aikin rubutu a kan tarihin garin da kowa ya fito. Ni ɗan Dutse ne, don haka na ɗauka abin ba zai ba ni wahala ba. Ana saura kwana biyu a karɓi aikin sai wani ya turo hoto a guruf ɗinmu na WhatsApp. Tsohon hoto ne fari da baƙi, ga gidajen ƙasa cunkus da juna, ga kududdufai a tsakani, an rubuta a ƙasansa da manyan baƙaƙe: "Garin Dutse, 1905". Kafin ka ce kwabo ya zaga guruf uku. Wasu na ta kabbara, wani ma har ya rantse ya hango unguwar kakanninsa a gefe. Ni kuwa na sauke shi, na kai shagon kwamfuta aka buga mini, na manna a shafin farko ina jin na burge.

Bayan mako guda malaminmu ya sa aka kira ni. Na tarar da aikina a buɗe a gabansa.

Ya ce, "Ɗan Dutse, zauna. Wannan hoton daga ina mai ɗaukarsa ya tsaya?"

Na duba na ce, "Daga sama ne, Malam."

"To, a 1905 wa yake tashi sama a ƙasar nan?"

Na yi ta maza na ce, "Ai Malam, wataƙila kan dutse ya hau."

Ya yi dariya ya ce, "Madalla. To ina sauran duwatsun? Ka taɓa tsayawa a Garu ka waiga gabas da yamma ba ka ga dutse ba? Je ka nemo mini sunan wanda ya riƙe kyamarar, sannan mu yi maganar maki."

Na saka hoton a Google Lens, ko minti biyar ban yi ba na same shi. Kano ce. Wani matuƙin jirgin sama ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Walter Mittelholzer ne ya ɗauka, a tafiyar da ya yi ta ƙetare Sahara zuwa Tafkin Cadi a ƙarshen 1930 da farkon 1931. Hotunansa suna ajiye a laburaren wata jami'a a Zurich, an kuma sake su a intanet kowa na iya gani. Jirgin sama ma bai taɓa sauka a Kano ba sai ranar 1 ga Nuwamban 1925, lokacin da jiragen sojan saman Ingila suka iso daga Masar. Wato hoton da na manna ya yi kuskuren gari, ya kuma yi kuskuren shekara 25. Kunyar da na ji ita ta sa na zauna na karanta yadda ake mu'amala da irin waɗannan kaya, abin da na samo kuma shi nake so in raba da ku.

Mu Hausawa muna cewa gani ya kori ji, shi ya sa hoto ke saurin cin mu da yaƙi. Amma hoto ba ya magana. Wanda ke magana shi ne ɗan rubutun da aka liƙa a ƙasansa, rubutun nan kuwa mutum ne ya yi shi, wani lokaci shekara tamanin bayan an ɗauki hoton, wani lokaci ma jiya da daddare a wayar wani da ke neman mabiya. Kai ko da rubutun daidai ne, akwai sauran tambaya: wa ya ɗauka, me ya kawo shi wurin, kuma wa yake so ya nuna wa?

Ku duba tarin hotunan ƙasar Hausa na tsakanin 1900 da 1930 da ke yawo a Facebook. Kusan dukkansu baƙi ne suka ɗauka: hafsoshin soja, Razdan da Di'o, 'yan mishan, 'yan kasuwa, da matafiya 'yan jarida. A lokacin ƙaramar kyamara ta fara araha a Turai, don kamfanin Kodak ya fito da samfurin Brownie a 1900, saboda haka hafsan da zai taho Arewa yana iya jefa guda a akwatinsa. Sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a watan Yulin shekarar. Kyamara ta shigo mana ne a bayan bindiga. Wannan ba ya nufin hotunan ƙarya ne. Ganuwar da ke ciki ganuwa ce ta gaske, mutanen ma na gaske ne. Sai dai wanda ya ci yaƙi abin da ya ba shi sha'awa yake ɗauka: tsayin ganuwar da ya fasa, ƙofar gari, sarkin da aka naɗa yana zaune kusa da Bature, dogarai, 'yan lifida, kasuwa, marina. Da wuya ka ga cikin gida. Da wuya ka ga manomi yana jayayya da mai karɓar haraji, ko Bafillace yana ɓoye shanu saboda jangali, ko waɗanda aka kwaso daga ƙauyuka aikin dole na shimfiɗa hanya. Waɗannan duk sun faru, takardun mulkin ma sun ambace su, amma ba su ne ake aika wa iyali a Landan ba.

Ɗan jaridar nan E. D. Morel ya zaga Najeriya a 1910 zuwa 1911, ya rubuta wa jaridar The Times, sannan ya tara abin da ya gani a littafi mai hotuna a 1911. Mutum ne da ya yi suna wajen tona asirin zaluncin da ake yi a Kwango, kuma ya yaba wa Kano da masana'antunta ƙwarai. Duk da haka baƙo ne da jami'an mulki suka karɓa, suka sauke, suka nuna wa hanya. Inda aka kai shi nan ya gani.

Hotunan hawan daba su suka fi yaudara, don sun fi kyau. A 1925 ɗan Sarkin Ingila mai jiran gado ya zo Kano aka tara masa sarakunan Arewa da dawakai. Mai kallon hoton yau sai ya ɗauka haka ƙasar take kullum. A'a, taro ne da gwamnatin mulkin mallaka ta shirya, ta tsara wa zai wuce gaba wa zai biyo, ta kuma zaɓi inda masu hoto za su tsaya. Kamar dai wani ya ɗauki hoton ranar yaye ɗalibai, kowa da doguwar riga da hula, ya ce ga yadda 'yan foli ke shiga aji. Ga kuma wata 'yar jarrabawa da za ku iya yi wa masu turo hotuna: na sha ganin an rubuta wai Sarkin Kano Abdullahi Bayero ne ya karɓi baƙon a matsayin sarki. Sarkin Kano a 1925 Usman ne. Abdullahi Bayero sai 1926 ya hau. Jerin sarakuna da shekarunsu makami ne babba: Alu har 1903, Abbas 1903 zuwa 1919, Usman 1919 zuwa 1926, Abdullahi Bayero 1926 zuwa 1953.

A Kudu labarin ya ɗan bambanta. Can an sami 'yan ƙasa masu sana'ar hoto tun kafin 1900. Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, shi ya ɗauki shahararren hoton nan na Oba Ovonramwen na Binin a cikin jirgin ruwa bayan Turawa sun cire shi a 1897. An daɗe ana buga hotunansa ana zaton Bature ne saboda sunansa. Kun ga ko sunan mai hoton ma sai an bi shi a hankali.

Yanzu mu dawo gida. Me ya sa hoton Dutse na farkon ƙarnin nan ke wuyar samu, har muke rarumar na Kano muna canza masa suna? Saboda kyamara hanyar mulki da hanyar jirgin ƙasa take bi. A zamanin Turawa Dutse gunduma ce a ƙarƙashin masarautar Kano, kamar Birnin Kudu da Gwaram da Jahun da Ringim. Razdan na Kano, Dakta Cargill, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma, shi ya kafa tsarin da ya fitar da hakimai daga birni zuwa ƙasashensu. Razdan yana Kano, ofisoshi suna Kano, makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a 1909 tana Nassarawa a Kano. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, da aka miƙa layin zuwa Nguru, wanda ya kai can a 1930, ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori ya bi, ya bar mu a kudu. Baturen da ke zuwa Dutse Di'o ne mai rangadi, ya ƙidaya gidaje da gonaki da shanu, ya rubuta rahoto ya wuce. Shi ya sa abin da aka fi adanawa game da yankinmu rubutu ne da lissafi, a fayil-fayil na Lardin Kano da ke Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. Dutsen da muka sani yau, mai sakatariya da manyan tituna da jami'a da foli, ta samu ne bayan an ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agustan 1991. Duk hoton da ya nuna maka ƙaton birni a 1905 aka ce Dutse ce, to ka sa masa alamar tambaya tun kafin ka bincika.

In hoto ya zo ba tarihi a jikinsa, akwai alamomin da ke taimakawa, kuma da zarar ka saba sai abin ya zame maka wasa. Dalar gyaɗa ba za ta riga jirgin ƙasa ba, don sai da layin dogo ya iso cinikin gyaɗa ya bunƙasa daga 1912. Rufin kwano, keke, keken ɗinki, mota, sandar waya, kowannensu yana sa iyaka. In ka ga motoci suna tafiya a hannun hagu na titi, kafin Afrilun 1972 ne, lokacin da Najeriya ta koma hannun dama. In a allon shago ko a takarda ka ga fam da sule da sisi, kafin 1973 ne da naira ta fito. Tutar da ke tashi a bayan mutane, ta Ingila ce ko kore-fari-kore, ita ma tana raba maka kafin 1960 da bayanta. Sannan ka duba ƙasar kanta: duwatsu, itatuwa, fasalin gini. Malaminmu bai yi amfani da intanet ba ya kama ni. Duwatsun garinmu kawai ya nema bai gani ba.

Guntun jarida ya fi hoto wayo, don shi yana magana, kuma da murya mai kama da ta hukuma. Ɗauki sunan ƙasar nan ma. Ranar 8 ga Janairun 1897 jaridar The Times ta Landan ta buga wata maƙala da ta ba da shawarar a riƙa kiran yankunan da kamfanin Royal Niger ke riƙe da su da sunan Najeriya. Marubuciyar ita ce Flora Shaw, mai kula da labaran ƙasashen mulkin mallaka a jaridar. A 1902 ta auri Lugga, mutumin da ya jagoranci cin Arewa, wanda kuma ya haɗe Kudu da Arewa a 1914. Ba ina cewa duk abin da jaridar ta buga ƙarya ba ne. Ina cewa in ka riƙe guntun The Times a kan yaƙin Kano ko na Sakkwato, ka san cewa masu ba da labarin da masu yin yaƙin gidansu ɗaya, wani lokaci ma a zahiri.

Ga wani abu da bai taɓa zuwa mini a rai ba sai da na karanta. Labari ta wayar tangaraho yake isa Landan cikin kwanaki, hoto kuwa sai ya bi ɗan aike, ya bi kogi, ya hau jirgin ruwa, makonni kenan. Mujallun Landan masu hotuna ba sa iya jira, don haka da yawa daga "hotunan yaƙi" da suka buga zane ne, mai zane ya yi a teburinsa a Ingila daga ɗan zayyanar da wani hafsa ya aiko ko daga labarin da ya ji. In ka ga hoton da ya nuna dawakai a tsakiyar sukuwa, hayaƙi na tashi, kowace fuska ta fito raɗau, ka matso da shi ka duba. Galibi za ka ga sa hannun mai zanen a kusurwa.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Haɗeja. A watan Afrilun 1906, makonni kaɗan bayan an murƙushe mutanen Satiru kusa da Sakkwato, rundunar Turawa ta auka wa Haɗeja, aka gwabza a cikin gari, aka kashe Sarki Muhammadu da manyan fadawansa da dama. A rahoton masu mulki, hukunci ne aka yi wa sarkin da ya ƙi biyayya. A bakin Haɗejawa har gobe sunansa Mai Shahada. Rana ɗaya ce, gawarwaki ɗaya, amma kalma biyu. Ɗalibin da ya kwafo kalmar "tawaye" daga guntun jaridar 1906 ya zuba a furojet ɗinsa ba tare da ya faɗi bakin wa ta fito ba, ya ɗauki ɓangare bai sani ba. Wanda kuma ya jefar da guntun gaba ɗaya don na Turawa ne shi ma ya yi asara, domin a ciki ake samun rana da wata, da sunan rundunar, da hanyar da ta biyo, abubuwan da labarin baka kan rikitar. Dabarar ita ce a ajiye su gefe da gefe. Ko a wancan zamanin ba duk jaridu ne bakinsu ɗaya ba: Lagos Weekly Record ta John Payne Jackson a Ikko ta yi suna wajen sukar yaƙe-yaƙen mamaya da salon mulkin Turawa.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai, kuma misalin da ya fi wayar mini da kai daga wata ƙasa ya zo wadda ita ma Ingila ke mulka a lokacin, wato Ayilan, maƙwabciyarta. Shekara goma bayan Haɗeja, ranar 24 ga Afrilun 1916, wasu 'yan kishin ƙasa suka kama babban gidan waya da wasu gine-gine a Dablin suka yi shelar jamhuriya. Cikin kwana shida sojan Ingila suka murƙushe su, tsakiyar birnin ya zama kango. Manyan jaridun Dablin na lokacin suka yi tir da su. Aka harbe shugabanninsu 15 a watan Mayu, aka rataye na 16, Roger Casement, a Landan a watan Agusta. Shi Casement ɗin, don ku ga yadda duniya take ƙarama, ya taɓa aikin gwamnatin Ingila a Kalaba a shekarun 1890, kuma abokin gwagwarmayar Morel ne a kan batun Kwango.

Ga inda darasin yake. Jaridu da hukuma suka yi ta kiran abin "tawayen Sinn Féin". An buga sunan a kanun labarai, an buga shi a katunan hoto na rusassun gine-gine da aka riƙa sayarwa. Alhali jam'iyyar Sinn Féin ba ita ta shirya boren ba, wasu ƙungiyoyi ne daban. Amma sunan ya liƙe. Da kashe-kashen suka juya zukatan jama'a, sai farin jinin ya koma kan jam'iyyar da aka laƙaba wa abin bisa kuskure, ta lashe kujeru 73 cikin 105 na Ayilan a zaɓen 1918. Kuskuren rubutun ƙasan hoto ya shiga cikin abubuwan da suka sauya siyasar ƙasa guda. Wanda ya tsinci guntun jaridar 1916 yau ya gaskata kanunta, zai rubuta abin da ba haka ya faru ba, ga shi kuma da "hujja" a hannu.

Bambancinmu da su shi ne, su suna da nasu jaridun masu adawa da juna, da nasu masu hoto, don haka mai bincike a can yana da murya biyar ko shida da zai gwama. Mu a Arewa jaridar da ta fara fitowa da Hausar boko sai a shekarun 1930, ita ma ta gwamnati ce. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939 a Zariya, Abubakar Imam na editan Hausa, Dakta Rupert East na kula da ita, ana dab da Yaƙin Duniya na Biyu, kuma cikin dalilan kafa ta har da toshe jita-jitar da hukuma ba ta so. Duk da haka taska ce, musamman shafin wasiƙu, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa daga garuruwa ke kawo kukansu da ra'ayinsu. Amma shekara 36 ke tsakanin faɗuwar Kano da fitowarta. A tsawon wannan lokaci muryarmu ba a jarida take ba. Tana cikin wasiƙun Larabci na sarakuna, irin waɗanda aka samu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903, H. F. Backwell ya fassara aka buga a 1927. Tana cikin waƙoƙin ajami a kan zuwan Nasara. Tana bakin tsofaffi, kamar Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, inda mace ke ba da labarin zuwan Turawa daga cikin gida, wurin da kyamara ba ta taɓa leƙawa ba. Mai son ya je ya gani da idonsa, akwai Gidan Arewa a Kaduna, akwai Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, kuma daga Dutse zuwa Kano tafiyar safe ce a dawo da yamma.

Da na gama wannan karatu sai na tuna da adakar kakata. Na je na same ta bayan la'asar tana tsince shinkafa.

Na ce, "Hajiya, hoton babanku nake so in gani."

Ta ce, "Kai angon nan, ba ka kawo cefane ba sai binciken kayana? Ɗauko makullin a ƙarƙashin filo."

Hoton yana ƙasan adakar, cikin wani tsohon zane. Mahaifinta ne zaune a kujera da rawani da babbar riga, agogo a hannu, a bayansa labule mai zanen bene da fulawoyi. Wani yaro na tsaye a gefensa ya dafa kujerar. A bayan hoton akwai hatimin wani shagon hoto na Kano da ya kusa gogewa, ba shekara, ba suna. Na tambaye ta yaushe aka ɗauka. Ba ta san shekarar boko ba, amma ta ce shekarar da Sarauniya ta zo ne, don ya dawo yana ba su labarin cikar da Kano ta yi. Wannan 1956 kenan. Haka tsofaffinmu ke riƙe tarihi, da shekarar fari, da shekarar zuwan wane, da shekarar da aka naɗa wane, aikinka shi ne ka mai da shi lamba.

Na ce, "Ashe Baba mai kuɗi ne, har da agogo."

Ta yi dariya har ta ajiye faifan. Ta ce, "Wane agogo? Na mai hoton ne, kowa ya zo sai a ɗaura masa. Rigar ma ta amininsa ce. Shi fa fatauci yake da jaki."

Da ba ta raye, da na rubuta cewa kakan mahaifiyata attajiri ne mai gidan bene. Wato ko hoton da ba Bature ya ɗauka ba, shi ma an shirya shi, shi ma akwai wanda ake so a burge.

An shimfiɗe ƙasan adakar da tsohuwar jarida ta Hausa, ta yi ja kamar an jiƙa ta a shayi, gara ta cinye gefe guda. Rabin labari ne a kan cinikin gyaɗa, farashin da fam da sule, sai wata talla. Saman shafin, inda sunan jarida da kwanan wata suke, shi aka yage. Wannan shi ne babban laifin da muke wa guntun jarida. In za ka yanka, ka haɗa da saman shafin, in ba zai yiwu ba ka rubuta sunan jaridar da rana da lambar shafi a wata takarda ka haɗa su. Guntun da ba kwanan wata ya zama kamar shaidar da ba ta san ranar da abin ya faru ba.

Takardar jarida da ɓagaren itace ake yin ta, mai arha, tana ɗauke da sinadarin da ke cin ta da kanta, shi ya sa take ja tana karyewa, rana da zafi kuma na ƙara hanzarta abin. Kada ka manna mata salatif, don gam ɗin yana ratsa takarda ya bar tabon da ba ya fita. Kada ka kai tsohon hoto a yi masa laminatin. Na san muna ganin gata ne, amma zafin injin da robar suna kama fuskar hoton, kuma ba a iya cirewa. Kada ka rubuta a bayansa da biro, yana huda takarda tawadar ta fito ta gaba, fensir mai laushi ya isa. A sa kowane hoto tsakanin farar takarda mai tsabta, a ajiye a kwance, nesa da ƙasa da bango saboda gara da danshin damina. In za ka ɗauka da waya, ka shimfiɗa shi a inuwa mai haske, ka kashe fitilar wayar, ka ɗauki gaba ka ɗauki baya, don sau da yawa bayan ya fi gaban bayani. Sannan ka sa wa fayil ɗin suna na gaske: wane ne, a ina, wace shekara, a hannun wa asalin yake. Kuma kafin ka watsa hoton iyayen mutane a intanet ka nemi izinin masu shi, musamman in akwai mata a ciki. Akwai manhajojin da ke sa wa tsohon hoto launi ko su "gyara" fuska. In ka yi don nishaɗi, ka faɗa cewa ka yi, domin launin da ke ciki na'ura ce ta ƙaga, ba wanda ya gani.

Cikinmu akwai 'yan Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu da Buji da Miga da Gwaram, kuma kusan kowane gida akwai adaka irin ta Hajiya: hoton fasfo na mai tafiya Makka, takardar haraji, katin jam'iyyar NEPU ko NPC, shaidar gama elemantare, hoton tsohon soja da kakinsa. In hutu ya zo, awa biyu tare da tsohuwa ko tsohon gidan, da fensir da waya, sun isa a ceto abin da ba ya Kaduna ba ya Landan. Masu iya faɗin sunayen mutanen da ke cikin hotunan su ne ke ƙarewa, ba hotunan ba.

Na sake rubuta aikina, na cire hoton Kano, na sa na kakan mahaifiyata da cikakken bayaninsa har da batun agogon aro. Malam ya karanta ya ce, "To, yanzu ka zama ɗan Dutse." Sai ya ɗora yatsa a kan yaron da ke tsaye ya ce, "Wannan fa?"

Na riga na tambayi Hajiya. Ta daɗe tana kallonsa ta ce ba ɗan'uwanta ba ne, yayanta ne zai sani, shi kuwa ya rasu shekara uku da suka wuce. Ta ce akwai wata 'yar baffanta a Kiyawa da ta girme ta, in idonta bai gaza ba wataƙila ta gane shi. Na buga kwafin hoton da girma don ta iya gani, ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan shiga motar Kiyawa in kai mata.